Dogon Hutun Makaranta: Haƙƙin Yaro Da Nauyin Uba

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, a kowace shekara wajen ƙarshen watan Yuli makarantun boko sukan sallami yara, ba a komawa sai cikin Satumba, watau kimanin mako shida ko bakwai. A Jamhuriyar Nijar ma hutun ya fi haka tsawo, domin sai Oktoba ake buɗewa. A ƙasashen Turai, inda tsarin ya samo asali, wannan lokaci ne na ɗumi da yawon shaƙatawa. Amma a ƙasar Hausa ya faɗo ne a tsakiyar damina, lokacin marka, sa'ad da gero ya fara fid da kai, kududdufai suka cika maƙil, sauro kuma ya yi yawa.

Da zarar an ba da hutun nan, iyaye sukan kasu kashi biyu. Akwai wanda zai saki ɗansa sakaka, tun da hantsi ba wanda ya san inda ya nufa sai yunwa ta koro shi gida. Akwai kuma wanda zai ga hutun nan asara ce, saboda haka sai ya ɗora wa yaro karatun safe, da na azahar, da na dare, har ya zamana ya fi wahala a hutu bisa ga lokacin makaranta. Dukkansu biyu sun kauce wa abin da malamai suka karantar, gama hutu haƙƙin yaro ne, tsara shi kuwa nauyi ne a wuyan uba. Allah Maɗaukaki ya umarci muminai a cikin Suratut Tahrim, aya ta 6, da su tsare kawunansu da iyalansu daga wuta. Buhari da Muslim kuma sun ruwaito cewa kowane mutum makiyayi ne, za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo. Ranar da makaranta ta rufe ƙofa, kiwon da malami yake taya uba ya dawo hannun uban gaba ɗaya.

Kada a zaci hutun 'yan makaranta baƙon abu ne da boko ta kawo. Muhammadu ɗan Sahnunu, babban malamin Malikiyya na Ƙairawan wanda ya rasu a shekara ta 256 bayan Hijira, ya rubuta littafi a kan ladubban masu koyar da yara, a ciki har da yawan kwanakin da ya kamata a sallame su: kwana ɗaya zuwa uku a ƙaramar salla, uku zuwa biyar a babbar salla. Waɗansu malaman Malikiyya kuma sukan kawo labarin cewa Sayyidina Umar ne ya fara ba yara hutun ƙarshen mako, bayan da suka fita nesa da Madina suka tarye shi daga tafiyar Sham, suka komo a gajiye. Ko da yake wannan labari ne na littattafan fiƙihu, ba hadisi ba, aikin da aka gina a kansa yana nan har yau, domin makarantar allo ba ta karatu ran Alhamis da safiyar Jumma'a. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 505 bayan Hijira, ya fi kowa fitowa fili a cikin Ihya'u, inda ya nuna cewa hana yaro wasa da matsa masa da karatu kullum yana kashe masa zuciya, ya dushe masa basira, har ya shiga neman dabarar da zai rabu da karatun ɗungum. Duk malamin da ya taɓa fama da yaro mai gudun makaranta ya san gaskiyar wannan magana.

Shi kansa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai kasance mai ɗaure wa yara fuska ba. Anas ɗan Malik yana da ƙane ana ce masa Abu Umairu, mai ɗan tsuntsu da yake wasa da shi, Annabi kuwa in ya zo gidansu yakan tsaya ya tambaye shi labarin tsuntsun. Mahmudu ɗan Rabi'u ya girma yana tuna ranar da Annabi ya guntsi ruwan guga ya fesa masa a fuska don raha, alhali yana ɗan shekara biyar. Abin lura, Buhari ya kawo wannan hadisi ne a babin ilmi, don ya nuna shekarun da ake karɓar abin da yaro ya ji ya kiyaye. Ashe wasan da babba ya yi da yaro yakan zauna a zuciya fiye da dogon wa'azi. Nana A'isha, Allah ya yarda da ita, tana da 'yan tsana, har da doki mai fukafukai, Annabi ya gani ya yi dariya bai hana ba, kamar yadda Abu Dawuda ya ruwaito. Ya yi tsere da ita a kan tafiya ta wuce shi, bayan shekaru suka sake ya wuce ta. Ya tsaya kuma ya kare ta da mayafinsa tana kallon mutanen Habasha suna wasa da masu a cikin masallaci. Magidancin da yake ganin zubar da girma ne ya zauna a tabarma ya yi dara da ɗansa, ko ya saurari tatsuniyar 'yarsa, sai ya sake duba waɗannan hadisai.

Saboda haka langa, da kokawa, da carafke, da wasan ɓuya, da ƙwallo, da kacici-kacici, duk halal ne a asalinsu, kuma wasan da ke motsa jiki ya fi wanda ke zaunar da yaro wuri guda. Iyakokin da shari'a ta sa kaɗan ne, amma ba a ɗaga su don an yi hutu. Ta farko salla: Abu Dawuda ya ruwaito umarnin a sa yaro salla yana ɗan shekara bakwai, a hore shi a kanta yana ɗan goma, a kuma raba musu wurin kwana. Wannan na ƙarshe yana bukatar kula ta musamman a lokacin hutu, sa'ad da 'ya'yan dangi sukan taru a ɗaki ɗaya. Ta biyu caca: duk wasan da aka sa kuɗi a kansa, ko a dandali ko a cikin wayar hannu, ya shiga hanin Suratul Ma'ida, aya ta 90. Yaro yana iya faɗawa cacar ƙwallo yana kwance a ɗakin mahaifiyarsa ba wanda ya sani, don haka uban da ya ba ɗansa waya ya san abin da ke cikinta, ya kuma yanka mata lokaci. Ta uku almuru: hadisin Jabir a Buhari da Muslim ya yi umarni a tsare yara a gida idan rana ta faɗi, har farkon dare ya wuce.

Wani abin da ya kamata a daɗe a kansa shi ne ruwa. An ruwaito cewa Sayyidina Umar ya rubuta wa mutanen Sham su koya wa 'ya'yansu iyo, kuma mutane da yawa sukan kawo wannan magana. To, amma koyarwa aka ce, koyarwa kuwa sai da mai koyarwa. Kududdufin bayan gari rami ne da aka haƙa don ɗibar ƙasar gini, ba wanda ya san zurfinsa, gefensa da santsi, ƙasansa da laka mai riƙe ƙafa. Da rani yara sun saba ratsa shi a ƙafa, sai su zaci haka yake da damina. Kusan kowace shekara sai an ji gidan da aka yi rashin yaro ta wannan hanya, sau da yawa ma biyu a lokaci guda, domin ɗaya ya shiga ceton ɗaya. Wanda ya tsira daga nutsewa kuma yana iya kwaso tsargiya, ciwon nan na fitsarin jini da ake ɗauka a ruwan da ba ya gudu. In an yi rashi sai a ce ƙaddara ce, kuma lalle ƙaddara gaskiya ce, amma ba ta ɗauke wa makiyayi tambaya. Uban da yake son ɗansa ya iya iyo sai ya kai shi da kansa wurin da aka san zurfinsa, ko ya haɗa shi da babba amintacce wanda ya iya ruwa. In babu hali, to hani ya zama tilas, kuma hanin ya fi ƙarfi idan masu unguwa da limamai suka haɗa baki a kansa, maimakon kowane gida ya yi nasa.

Yaron ƙauye ba ya rasa abin yi a wannan lokaci, gama ga maimai, ga kiwo, ga korar tsuntsaye idan hatsi ya fara nuna. Wannan tarbiyya ce mai kyau muddin ba a ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa ba. Yaron birni shi ne abin tausayi, kuma maganinsa a kai shi wurin mai sana'a na kirki, tela ko kafinta ko mai gyaran waya, ya riƙa yin rabin yini. Mako shida sun isa yaro ya iya riƙe almakashi ko ya fara ɗinkin hula. Amma a bambanta koyon sana'a da ɗora wa yarinya faranti ta yini a tasha tana talla. Wannan ba koyo ba ne, jefa amana ne a bakin kura.

Ta fannin karatun addini, hutu dama ce babba in an yi shi da awo. Makarantun Islamiyya da masallatai da yawa sukan shirya daura ta 'yan makonni, a ɗauki ɗan ƙaramin littafi kamar Ahalari ko Ishmawi ko Arba'una Hadisi a sauke shi. Wannan ya fi a tara fannoni goma a kasa gama ko ɗaya. Ƙungiyar Ɗalibai Musulmi ta Nijeriya, wadda aka kafa a Ikko cikin 1954, ta daɗe tana tara ɗalibai a sansani na 'yan kwanaki a lokutan hutu. Musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa kuma, wadda Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato ta fara a 1986, ta sa unguwanni da yawa suna shirya tasu ƙarama, inda yaro mai izu biyu zai hau kujera ya yi karatu a gaban iyayensa. Kafin uba ya miƙa ɗansa ga kowane irin taro na kwana, wajibi ne ya san masu shirya shi da abin da za su koyar, ya ga wurin kwana da idonsa, ya tabbatar akwai gidan sauro da ruwan sha mai tsabta, kuma mata ne ke kula da 'yan mata. Sa'an nan kada a tura maza daura a bar mata da wanke-wanke. Shehu Usmanu, a cikin Nurul Albab, ya yi kakkausan suka ga malaman da ke karantar da almajirai su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci.

Sai kuma fita da iyali. Suratul Ankabut, aya ta 20, ta yi umarni da tafiya a bayan ƙasa don duban yadda Allah ya fari halitta, kuma ba sai an yi nisa ba. Mutumin Kano yana da Dutsen Dala, da Gidan Makama wanda asalinsa tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa ne, da marinar Ƙofar Mata, da gidan namun dajin da aka gina zamanin Gwamna Audu Baƙo. Bakatsine yana da hasumiyar Gobarau, mutumin Daura yana da rijiyar Kusugu. Basakkwace kuwa yana iya kai 'ya'yansa Hubbare, ya ba su tarihin Shehu wanda ya rasu a 1817, ya koya musu ladabin ziyarar kabari yadda sunna ta zo da shi. Da yawa an haife su a gindin waɗannan wurare, sun yi furfura ba su taɓa shiga ba.

Mafi lada a cikin tafiye-tafiyen hutu ita ce ta sada zumunci, a kai yara wurin kakanni su san dangi, su ga inda hatsin da suke ci yake fitowa, matuƙar hanya tana da aminci. A nan akwai wurin da masu mata fiye da ɗaya sukan yi tuntuɓe, watau a ɗauki 'ya'yan ɗaki guda a bar na ɗayan suna leƙe ta ƙofa. Lokacin da Bashiru ya yi wa ɗansa Nu'umanu kyauta shi kaɗai, Annabi ya ƙi yin shaida a kanta, ya umarce shi da adalci tsakanin 'ya'yansa. Yawo ma kyauta ce. In mota ba ta ɗaukar kowa, sai a yi bi da bi, a kuma tuna da marayan da ke cikin gidan.

Tafiyar kuma makaranta ce ta fiƙihu. A mazhabar Maliku, wanda ya nufi tafiyar baridi huɗu, watau mil 48, sunna ne ya yi ƙasaru, ya sallaci azahar da la'asar da lisha raka'a biyu-biyu, daga inda ya wuce gidajen garinsu. Daga Kano zuwa Zariya ko Katsina duk ya zarce wannan awo. Idan ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a inda ya sauka, sai ya cika sallarsa. Malaman mazhaba sun karhanta ƙasaru ga wanda ya fita don wargi zalla, kamar mai farautar nishaɗi, amma mai zuwa gaida iyaye ba ya cikin wannan. Yaron da ya ga mahaifinsa ya tsaya a gefen hanya ya yi azahar raka'a biyu, zai tambayi dalili, sai a yi masa bayani tun kafin a koma mota.