Yadda Ake Gano Ciwon Injin Ban Ruwa Idan Ya Ƙi Tashi Ko Ya Ƙi Tsayawa A Silo

Da zarar an kawar da amfanin damina a ƙasar Batsari da Safana, sai hankalin masu fadama ya koma kan ɗan injin nan da ya yi watanni a kusurwar ɗaki ƙarƙashin buhuna. Daga Ruma da Wagini har Runka da Zakka, da gonakin da ke gefen madatsar ruwan Zobe a maƙwabciyarsu Dutsin-Ma, shi ke jawo ruwa ya shayar da tumatir da albasa da tattasai. Galibi ko dai Honda GX160 ne mai cc 163, ko kwaikwayonsa na China da ake rubuta wa 168F a jiki. Ƙirarsu ɗaya, ciwonsu ma ɗaya: ko inji ya ƙi tashi sam, ko ya tashi amma da an sassauta totur ya mutu.

Abin da ke ɓata wa mutane lokaci da kuɗi shi ne gaggawar ɗaukar sukudireba a hau murɗa kusoshin kabureta. Kusoshin nan ba sa juya kansu. In jiya inji lafiya lau yake, yau ya ƙi, to wani abu ne ya toshe, ko ya jiƙe, ko ya tsinke. A fara da abin da ba ya cin ko sisi.

Kafin komai, ja igiya a hankali ka ji nauyinta. In ta cije ta ƙi motsi, kada ka sa ƙarfi. Sau da yawa tsakuwa ce ta maƙale a farfelar famfo, ko tsatsa ta riƙe ta tun ajiyar damina, kuma gyaran yana ɓangaren famfo, babu ruwan inji. In igiya na tafiya, duba makunni ko yana kunne, ka duba ɗan hannun da ke buɗe mai, sannan ka zaro ma'aunin baƙin mai. Injin nan kimanin lita 0.6 yake sha. Waɗansu suna da na'urar da ke yanke wuta idan baƙin mai ya yi ƙasa, kuma tana yaudarar mutane a bakin rafi: an ajiye inji a gangare, mai ya taru gefe guda, na'ura ta ɗauka babu mai, ta hana shi tashi. Gyara masa wurin zama kawai ya isa. Akwai masu cire wayar na'urar don su huta da ita. Ban ga hikimar hakan ba, domin ranar da mai ya ƙare da gaske, babu mai tsayar da injin sai ya buga.

Daga nan sai fetur, kuma a nan yawancin ciwon yake. Manomin da gonarsa ke nesa da gidan mai a kwalba ko jarka yake saye wajen 'yan bumburutu. A 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta hana sayar da mai a jarka saboda matsalar 'yan bindigar dajin Rugu, masu fadama suka ji a jikinsu. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuwa, ba mai iya zubar da ko cokali guda, ko da ya ga laka a ƙasan kwalba. Lakar nan da ɗigon ruwa duk kabureta suke tafiya. Rufe mai, kwance ɗan kofin da ke ƙarƙashin makullin man, ka wanke shi. Sannan sassauta kusar da ke gefen kwanon kabureta, ka buɗe mai, ka tara abin da ya zubo a farar kwalba. Ruwa ya fi fetur nauyi, za ka gan shi ya kwanta a ƙasa dunƙule-dunƙule. In man ya yi duhu yana warin fenti, tsohon mai ne, a juye shi duka. In ko ɗigo bai fito ba, matatar da ke cikin tanki ko tiyon mai ya toshe.

Akwai wata alama da ke rikita har gwanaye: inji ya tashi lafiya, ya yi 'yan mintoci, ya mutu, a bar shi ya huta, ya sake tashi. Da ya mutu, buɗe murfin tanki ka saurara. In ka ji iska ta shiga fuuu, to 'yar kafar numfashin murfin ce ƙura ta toshe, mai ya kasa sauka. In murfi lafiya yake, zargi ya koma kan kwayil mai ba fulogi wuta, wanda idan ya fara gajiya yakan ɗauke wuta da ya yi zafi.

Sai fulogi. Cire shi ka dubi bakinsa, domin shi ke ba da labarin abin da ke faruwa a ciki. In a bushe yake ƙayau bayan an ja igiya sau da yawa da cok a rufe, mai ba ya isowa. In a jiƙe yake sharkaf da fetur, inji ya sha mai ya ƙoshi: buɗe cok, ka ja igiya 'yan sau ba fulogi don tukunya ta bushe, ka goge shi ka mayar. Baƙar toka mai laushi na nufin mai ya fi iska yawa. Baƙi mai maiƙo kuwa baƙin mai ne ke hawowa, wannan magana ce ta ringi. Don gwada wuta, sa fulogin a hularsa, ka jingina ƙarfensa da jikin inji nesa da ramin da ya fito da kuma duk inda fetur ya zuba, ka ja igiya. Shuɗiyar wuta mai ƙara ake so. In ja ce mai rauni ko babu ita, gwada sabon fulogi. Na asali shi ne NGK BPR6ES, tazarar bakinsa milimita 0.7 zuwa 0.8. In sabon ma shiru, zare siririyar wayar da ta taho daga kwayil zuwa makunni ka sake gwadawa. Wuta ta dawo, laifin makunni ne ko na'urar baƙin mai. Ba ta dawo ba, kwayil ya mutu.

Matatar iska ba ta da wuyar sha'ani, amma a hunturu ƙura kan cika ta da sauri. Alamarta baƙin hayaƙi da shan mai. A wanke soson da sabulu, ya bushe sarai, a ɗiga masa ɗan baƙin mai a matse. Kada a yar da shi a bar inji yana shaƙar ƙura tsirara.

Maganar silo ita ta fi bukatar natsuwa. Kabureta hanya biyu gare ta. Babban jet, wanda ke tsakiya a cikin kwano, shi ke ciyar da inji idan an buɗe totur. Ƙaramin jet kuma shi ke riƙe shi idan an sassauta, kafarsa 'yar siririya ce ƙwarai. Shi ya sa inji zai yi ta ruri a sama, amma ya mutu a ƙasa: babbar hanya a buɗe take, ƙaramar ta toshe. Haka ma in yana hawa yana sauka da kansa, ko ba ya zama sai an bar cok rabi a rufe. Duka ukun magana ɗaya suke yi, wato mai ya yi masa kaɗan.

A irin wannan kabureta, ƙaramin jet baƙar roba ce da ke saman jikinta, kusar silo ta danne kanta. Ƙirga zagaye nawa ka kwance kusar kafin ta fita, don ka mayar da ita inda take. Ɗaga robar a hankali da bakin sukudireba, ka kula da 'yan zobban robar da ke jikinta. Zaro sili ɗaya daga cikin wayar lantarki ka zura a kafar, ka wanke da fetur mai tsabta, ka hura da famfon taya. Kada ka yi amfani da allura ko ƙusa. In kafar ta faɗaɗa ba ta komawa, inji zai riƙa zuƙar mai har ranar da aka sake jet. Tunda an riga an buɗe, kwance kwanon, ka fito da babban jet da ɗan bututun tagulla mai ƙananan huji da ke samansa, ka ɗaga su sama ka tabbatar haske na ratsa kowane huji. Duba allurar da ke tsayar da mai idan kwano ya cika. In ta ci, za ka ga fetur na tsiyaya daga bakin kabureta ko da inji a kashe yake.

Wajen mayarwa a lura da takardun gasket da ke tsakanin kabureta da kan inji. Ko 'yar tsaga ce, iska za ta saci hanya ta shiga, silo ya ƙi zama duk wankin da aka yi. A kuma tabbatar siririn sifirin da sandar da suka haɗa gwamna, wato abin da ke daidaita gudun inji, da totur suna maƙale a hujinsu.

Yanzu ne lokacin taɓa kusa. Amma kafin a tayar, a cika cikin famfo da ruwa ta murfin sama. Abin da ke hana ruwa ɗiga a bayan farfela ruwan ne ke sanyaya shi, ɗan gudu kaɗan a bushe ya isa ya ƙona shi.  Bar inji ya yi ɗumi, buɗe cok gaba ɗaya, ka mayar da totur ƙasa, sannan ka riƙa murɗa kusar silo kaɗan-kaɗan har ƙararsa ta daidaita ba ya shaƙewa. Honda ta ce kimanin juyi 1,400 a minti. A gona ba ma'auni, kunne ne alƙali.

In mai ya iso, wuta na nan, iska na shiga, amma har yanzu yana gardama, saura matsi. Igiyar wannan inji dama ba ta da nauyi sosai, saboda an yi masa dabarar rage matsi lokacin tayarwa. To amma in ta zo salalam ba turjiya ko kaɗan, ko kuma ta riƙa fizge hannu da ƙarfi, a duba bawul. Inji na sanyi ake aunawa: milimita 0.15 na shigar mai, 0.20 na fitar hayaƙi. Wanda ba shi da ma'aunin ya ɗora injin a babur zuwa wurin bakanike a Batsari ko Dutsin-Ma, ya kuma faɗa masa duk abin da ya riga ya duba. Haka in shuɗin hayaƙi ke fita a salansa kuma baƙin mai na raguwa, aikin ringi ne, ba a bakin rijiya ake yin sa ba.

Idan aikin rani ya ƙare, a rufe mai a bar inji ya yi ta gudu da ruwa a famfonsa har ya mutu da kansa, a kwance kusar kwano sauran ya tsiyaye, a juye tanki, a zubar da ruwan cikin famfo ta murfin ƙasa. Fetur da ya yi damina a kabureta bushewa yake ya bar danƙo, kuma ƙaramin jet yake fara toshewa. A ɗiga ɗan baƙin mai ta ramin fulogi, a mayar da fulogin, a ja igiya a hankali har a ji ta yi nauyi, a bar ta a nan. Bawul duka biyu sun rufe ke nan, damshi ba zai shiga tukunya ba.