BABI NA SHIDA: LAMBUN GIDA A ƘASAR RANO DA KIBIYA

6.0 Gabatarwa

Idan ana maganar noma a ƙasar Hausa, hankali yakan tafi ga gandu da gayauna da fadama. Ba safai ake tunawa da ɗan filin nan na bayan ɗaki ba, inda uwargida take tsinko ganyen miya. Wannan babi zai dubi lambun gida a ƙananan hukumomin Rano da Kibiya da ke kudancin Jihar Kano, domin ɗalibi ya fahimci matsayinsa a tattalin gidan Bahaushe da kalmomin da suka danganci aikinsa.

6.1 Ma'anar Lambun Gida

Lambun gida shi ne wurin da aka keɓe a cikin gida ko a jikinsa, aka kewaye da danga ko darni, ana shuka kayan miya da itatuwa masu 'ya'ya domin amfanin iyali. Ya bambanta da lambun fadama ta fuska biyu. Na farko, ba don kasuwa ake yin sa ba, sai dai a sayar da rara. Na biyu, galibi mata da yara ne suke kula da shi, musamman a gidajen da ake kulle.

6.2 Muhalli

Rano tana cikin Hausa Bakwai, kuma a labarin Bayajida ita da Kano ake kira Sarakunan Baba, saboda shahararsu a rini. A tsarin da aka yi a 2024, Rano da Kibiya da Bunkure ne suka haɗu a Masarautar Rano. Ƙasar tana samun ruwan sama fiye da arewacin jihar. Bugu da ƙari, madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974, ta bunƙasa noman rani a yankin Kadawa da Kura da Bunkure, har ya yi suna wajen tumatir da albasa. Sai dai yawan tumatir a maƙwabta bai hana tsadarsa ba. A 2016, tsutsar da aka yi wa laƙabi da "Ebolar tumatir" ta cinye gonaki a Kano da Kaduna, farashi ya ninka sau da yawa. A irin wannan shekara, gidan da yake da rama da yakuwa da kabewa a bayan ɗaki ba ya rasa miya.

6.3 Abubuwan da Ake Shukawa

Ana iya kasa su gida uku:

(i) Ganyaye: alayyafo da rama da yakuwa da lalo da zogale.
(ii) Kayan miya masu 'ya'ya: kuɓewa da kabewa da gauta da tattasai da attaruhu da tumatir.
(iii) Itatuwa: gwanda da gwaiba da lemun tsami da mangwaro.

Kowane yana da lokacinsa. Kuɓewa da rama da kabewa na damina ne, kuma akan bar kabewa ta hau danga ko rufin ɗaki don kada ta cinye fili. Tumatir da albasa sun fi son sanyin hunturu, domin zafin bazara yakan zubar da furen tumatir tun bai ƙulla ba.

6.4 Yadda Ake Kula da Shi

Taki a gida yake: kashin awaki da na kaji da tokar murhu. Amma dole a bari ya ruɓe kafin a zuba, saboda ɗanyen taki yana ƙona saiwa. Ruwa kuwa, da rani akan karkata na alwala da na wankin hatsi zuwa fangali. Ruwan sabulu ba ya cikin wannan, domin yana lalata ƙasa. Ƙwari kuma akan kore su da toka ko jiƙon ganyen darbejiya.

Akwai hikimomin da ake gada daga iyaye. Reshen zogale idan aka kafa shi a ƙasa mai laima yana tsirowa. Gwanda ba ta son ruwa ya kwanta a gindinta, kuma akan shuka ta da yawa saboda namijinta ba ya 'ya'ya. Mangwaron aure yana riga na ƙwallo haihuwa da shekaru. Abin da ya yi rara ba a zubarwa: akan yanka kuɓewa a shanya, tumatir kuma a mayar da shi kauɗa.

6.5 Matsaloli

Babbar barazana ga lambun gida ita ce ƙarancin fili. Duk lokacin da aka raba gado, ko aka yi wa ɗa aure, bayan ɗaki ne yake fara komawa sabon ɗaki, tsakar gida kuma a malale ta da siminti. Idan lambu ya tafi, ba ganye kaɗai ake rasawa ba. Uwargida takan rasa 'yan kuɗin da take samu daga kwaɗon zogale, yara kuma su tashi ba su san fangali ko darni ba. Mafita ɗaya ita ce shuka a buhu ko tsohon bokiti, wadda ba ta buƙatar fili mai yawa.

6.6 Kammalawa

An ga cewa lambun gida ƙaramin wuri ne mai ɗauke da abinci da tattali da harshe. Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Ya kamata malamin Hausa na gobe ya san wannan fage, domin daga bakin ɗalibansa ne waɗannan kalmomi za su rayu ko su ɓace.

6.7 Tambayoyi

1. Bambanta lambun gida da lambun fadama.
2. Bayyana ma'anar danga da fangali da kauɗa, ka sa kowace a cikin jimla.
3. Ziyarci gida uku a unguwarku, ka rubuta abin da ake shukawa da wanda yake kula da shi.