Ku Bar Ciyawar Bakin Ruwa

Manoman Yawuri, Ngaski da Shanga, tun da aka gama madatsar Kainji a 1968, tafkin yakan janye da rani ya bar fadama mai danshi. To, amma in aka nome ta har bakin ruwa, igiyar ruwa takan cinye gaɓa, gona ta ragu.

Ga abin yi:

1. A bar burugu tsakanin gona da ruwa. Saiwarsa tana riƙe ƙasa, 'ya'yan kifi su ɓuya ciki, shanu su sami abinci da rani.
2. Kada a sare giyayya, kada a sa wuta.
3. Inda gaɓa ta zube, a dasa burugu tun ƙasa tana da danshi.
4. Kada a wanke tankin feshi a tafki, maganin yana kashe kifi.

Mai neman ƙarin bayani ya ga malamin gona.