Darasin Kimiyya: Gadon Jar Akuyar Maraɗi da Yadda Za a Adana Shi

Manufar darasi

Ɗalibai, darasinmu na yau a kan dabbar da kuka sani ne tun kuna goye, wato jar akuyar Maraɗi, wadda a Nijeriya ake kira jar akuyar Sakkwato. Za mu ga yadda dabba ke gadon iyayenta, da amfanin bambancin gado a cikin garke, da abin da mu mutanen Kornaka za mu yi don kada irin ya ɓace.

1. Yadda gado yake

Jikin akuya an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya gani. A cikin kusan kowace ƙwaya akwai zarurruka da ake kira kuromosom. Akuya tana da 60, rabi daga uwa, rabi daga bunsuru. Saniya ma 60 gare ta, tunkiya kuwa 54. A kan waɗannan zarurruka ne ƙwayoyin gado suke jere, su ne ke tsara launin gashi, da yawan nono, da juriyar ƙishirwa da cuta. Da Bahaushe ya ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, wannan gadon yake nufi.

2. Abin da jar akuya ta gada

Ku dubi jar akuyar da ke turke a gidajenku: gajera ce, jikinta a cike, gashinta gajere mai sheƙi. Tana fara haihuwa da wuri, tana yawan haifar tagwaye, nononta kuma yana isar ƴaƴanta har yaran gida su samu. Fatarta mai laushi ce da ƙarfi. Ita ce fatake suka riƙa ƙetara hamada da ita daga Kano zuwa arewacin Afirka, Turawa suka saya a can suka raɗa mata suna fatar Maroko. Saboda wannan daraja aka buɗe cibiyar kiwon awaki a Maraɗi a 1963, don zaɓen iri mai kyau da rarraba bunsuraye ga masu kiwo.

3. Amfanin bambanci

Jajayen awaki ba duka suke ɗaya ba. Wata ta fi jure fari, wata ta fi nono, wata cuta ba ta saurin kayar da ita. Wannan shi ne bambancin gado. Idan annoba ko fari irin na 1973 da 1984 ya sauko, garken da gadonsa yake iri-iri ba ya ƙarewa gaba ɗaya, sai an sami waɗanda suka tsira suka ci gaba da haihuwa.

4. Hanyoyi biyu da iri ke lalacewa

Ta farko ita ce barbara tsakanin dangi na kusa. Akwai ƙwayoyin gadon nakasa da ke ɓoye a jikin dabba mai lafiya, ba sa bayyana sai ɗa ya gaje su ta wajen uwa da uba duka. Idan akuya da bunsuru duk suna ɗauke da irin wannan ƙwaya, a lissafi ɗaya cikin ƴaƴa 4 zai fito da nakasar. Bunsurun da aka bari shekara da shekaru yana barbarar ƴaƴansa da jikokinsa, shi ke haɗa waɗannan ƙwayoyi. Alamar wannan barbarar dangi ita ce ƴan awaki raunana, da yawan ɓari, da raguwar haihuwa.

Ta biyu ita ce gauraya iri barkatai. Kornaka tana tsakanin ƙasar noma da ƙasar kiwo ta arewacin Dakoro, inda doguwar akuyar makiyaya take. Ita ma iri ce mai daraja, gwanar doguwar tafiya. Amma in aka bar ta da jar akuya suna cakuɗuwa ba tsari, kowace sai ta rasa abin da ta yi fice a kai.

Rasa iri ba ƙaramar asara ba ce. A ƙasar Haiti, a farkon shekarun 1980, an karkashe aladun gargajiya na ƙasar saboda annoba, aka kawo wasu daga Amurka. Sababbin suka zo da buƙatar abinci mai tsada da kulawar da talaka ba ya iyawa.

5. Yadda ake adanawa

Masana suna daskarar da maniyyin dabbobi a sanyin digiri 196 ƙasa da sifiri, ya daɗe bai lalace ba. Akwai kuma cibiyoyin kiwo, kamar ta Tukunus mai kula da shanun Azawak. Sai dai babban ma'ajin jar akuya yana hannun iyayenmu mata, don su ne masu yawancin awakin gida. Ga abin da ya kamata: a riƙa musanya bunsuru da wani ƙauye kafin ƴaƴansa su isa barbara, a mayar da marasa kyan iri taure, kada a kai bunsuru mafi kyau kasuwa a bar rarrauna a garke, a yi wa garke allurar rigakafi.

Aikin gida

Kowa ya ƙidaya awakin gidansu, ya rubuta launin kowace da yawan ƴaƴan da ta haifa a haihuwar ƙarshe. Sannan ku tambayi iyayenku, cikin ladabi, daga ina bunsurun unguwarku ya fito, shekara nawa kuma ya yi yana barbara. In ya daɗe, ku bayyana musu dalilin da ya sa ya kamata a canza shi tun bana.