Nasiha ga Muridai a kan Fana'i da Gonar Aro

Da sunan Allah muke farawa, Mai rahama, Mai jinƙai. Godiya ta tabbata gare shi, wanda ya samar da mu alhali ba mu kasance komai ba. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har ranar sakamako.

Bayan haka, wannan takarda ce zuwa ga 'yan'uwanmu na ɗariƙa mazauna ƙauyukan arewa da birnin Kano, tun daga ƙasar Ungogo da Dawakin Tofa har Bichi da Ɗambatta da Makoɗa da Minjibir. Sababin rubuta ta, tambaya ta yawaita gare ni bayan wazifa a kan kalmar nan da akan ji a bakin wanda ya shiga tarbiya, cewa babu kowa sai Allah. Mutane sun rabu biyu a kanta. Wasu sun ji ta sun firgita, har suka hana 'ya'yansu zama a zawiya. Wasu kuwa, yawancinsu samari ne masu zuwa cin rani, sun tsince ta a wayar hannu ba tare da shehu ba, suka riƙe ta hujjar barin salla. Na biyun nan su suka fi ba ni tsoro, dominsu na ɗauki alƙalami.

Fasali a kan nafsi

Ka sani, ya kai muridi, Allah shi yi maka buɗi, ba nisa ne ya raba ka da Ubangijinka ba, domin ya sanar da mu a Suratu Ƙaf kusancinsa ga mutum ya wuce na jijiyar wuyansa. Shamakin kalma ce guda mai haruffa biyu, nun da ya, ita ce "ni", da ƙanenta "nawa". Iblis bai musa samuwar Allah ba, abin da ya kore shi ganin kansa ya fi Adamu. Fir'auna kuwa kalmar nan ce ta ƙasaita a cikinsa har ya yi da'awar ubangijintaka.

Malaman sufanci sun kasa nafsi matakai bakwai. Uku daga cikinsu Alƙur'ani ya ambace su: mai yawan umurni da mummuna a Suratu Yusufa, mai zargin kansa a Suratul Ƙiyama, mai natsuwa a Suratul Fajri. Ba zan tsawaita a nan ba. Abin da nake so ka riƙe shi ne, nafsi ba ya mutuwa don ka karɓi wuridi, riga kawai yakan sake. Jiya yana son a ce ya fi kowa dami a rumbu, yau yana son a ce ya fi kowa daɗewa a zikiri. Yana son a zaunar da shi dab da farin ƙyallen da ake shimfiɗawa a wazifa, in an gaishe shi ba a ce Sidi ba sai ya kwana da abin a ransa. Lalle nafsin mai carbi ya fi na ɗan caca wuyar kamu, domin ɗan caca ya san ɓarna yake yi.

Fasali a kan gonar aro

Ku manoma ne, kun san gona takan zo hannun mutum ta gado ko saye ko jingina ko aro. A ƙasarmu kuwa, inda mutane suka yi wa ƙasa yawa, gonar kaka guda takan rabu ga jikoki har kowa ya tashi da 'yan kunyoyi, ba a barinta ta huta ko shekara ɗaya sai da taki, saboda haka babu wanda bai san aro ba a cikinku. Wanda aka ara wa gona yakan yi shara, ya kai taki, ya shuka gero da dawa ya sa wake a tsakani, ya yi noman firi da maimai, ya girbe ya ci da iyalinsa. Baƙo mai wucewa zai rantse gonarsa ce. Amma mai unguwa ya sani, dagaci ya sani, shi ma ya sani: ba ya iya sayar da ita, ba a raba ta cikin gadonsa, ran da mai ita ya ce yana bukata kuwa sai ya ɗauki fartanyarsa ya fita.

To samuwarka haka take. Kun karanta a Ummul Barahin ta Shehu Sanusi, cikin sifofi ashirin na wajibi ga Allah ta farko ita ce samuwa. Samuwarsa ta zatinsa ce, bai karɓe ta daga kowa ba. Taka kuwa mai yiwuwa ce, rashi ya gabace ta, kuma ba ka iya riƙe ta ko gwargwadon numfashi guda da kanka. Ganinka aro ne, jinka aro ne, ƙarfin da ka ɗaga fartanya da shi aro ne. Sai dai a nan misali ya gaza, ka lura da kyau. Mai aron gona yana nan tun kafin a ara masa, ya zo da ƙafafunsa ya roƙa. Kai kuwa ba ka nan balle ka roƙa. Gonar aro ce, manomin ma aro ne, kuma ana sabunta aron a kowane ƙiftawar ido.

Wannan ita ce ma'anar kalmar a bakin arifi. Idan ya ce babu kowa sai Allah, yana nufin babu mai samuwa ta kansa sai Ɗaya, duk abin da ba shi ba yana tsaye ne da tsayarwarsa. Ɗan makarantar ilimi ya san wannan da hujja. Bambancinsa da arifi kamar bambancin wanda aka ba labarin zuma ne da wanda ya lasa.

Idan ka ce: ashe ke nan ni da shi abu guda ne? Sai in ce: subhanallahi. Mai aron da ya gane gona ba tasa ba ce ya faɗi gaskiya. Amma in ya ce, tun da ba ni da gona ashe ni ne mai gonar, wannan ko yaran unguwa sun san ya taɓu. Cewa Allah ya sauka ya shiga cikin bawa shi ake kira hululi, cewa bawa da Ubangiji sun haɗu sun zama ɗaya shi ake kira ittihadi, dukansu biyu kafirci ne a wurin malaman shari'a da malaman haƙiƙa baki ɗaya. Ka duba ma, mai da'awar nan bai kashe "ni" ba. Ya ciyar da ita ne har ta kai girman ta Fir'auna, sa'an nan ya naɗa mata rawani.

Fasali a kan fana'i da baƙa'i

Fana'i hali ne da kan sauko wa mai zikiri har ganin kansa da ganin halitta su ɓace masa. Wanda ya ƙura wa rana ido da tsakar rani, sa'an nan ya juyo, ba ya ganin gona ba ya ganin jakinsa, alhali suna nan inda suke. Abin da ya ɓace ganinsa ne. A cikin wannan maye harshe kan kuɓuce da magana, ita ake kira shaɗahi. Mai ita ana yi masa uzuri muddin hankalinsa ba ya tare da shi, kamar mai barci, amma ba a koyi da shi, ba a kuma ɗaukar maganarsa a karantar.

Abin nan ba yau ya fara ba. Hallaju ya furta irin wannan kalma a Bagadaza, aka kashe shi a shekarar 922. Junaidu kuwa, wanda ake kira shugaban jama'ar sufaye, a garin nan guda ya zauna, ya koyar da cewa farkawa bayan maye ta fi mayen cika, kuma tafarkin duka ɗaure yake da Littafi da Sunna. Shehu Muhyiddini ɗan Arabi, wanda aka haifa a Andalus a 1165 ya rasu a Dimashƙa a 1240, shi ake jingina wa maganar wahadatul wujudi, wato kaɗaitakar samuwa, ko da yake masu bincike sun ce lafazin nan na bayansa ne suka sa wa koyarwarsa. Shi kansa ya cika littattafansa da cewa bawa ba ya fita daga bauta. A ƙasar Hausa ma ilimin nan ba baƙo ba ne. Shehu Abdulƙadir ɗan Tafa, jikan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ta wajen uwa, wanda ya zauna a Salame ya rasu a 1864, ya yi rubutu yana warware wuraren da suka yi wuya a littafin Insanul Kamili na Shehu Jili. Gidan da ya tsayar da shari'a da takobi shi ne gidan da aka karanta wannan ilimi a cikinsa, ba su ga saɓani tsakanin biyun ba.

Tarbiyar da muka sani a Kano kuwa ta zo ne ta hannun Shehu Ibrahimu Inyas na Kaulaha, Allah shi yarda da shi, wanda ya bayyana faila a 1929. Ya sadu da Sarkin Kano Abdullahi Bayero a hajjin 1937, ya zo Kano a 1945, malaman Salga irin su Shehu Atiƙu Sanka da Shehu Tijjani Usman suka karɓa daga gare shi suka yaɗa. A risalarsa ta muƙaman addini uku ya jera matakai tara: tuba da istiƙama da taƙawa a muƙamin Musulunci, ihlasi da gaskiya da natsuwa a muƙamin imani, muraƙaba da mushahada da ma'arifa a muƙamin ihsani. Ka ga ma'arifa ita ce ta tara. Yanzu yaro bai tsaya a ta farko ba, yana magana da harshen ta tara. Wa ya taɓa ganin an ɗora jinka a kan ɗakin da ba a yi masa gini ba?

Baƙa'i shi ne a dawo da bawa ga hankalinsa da aikinsa, yana ganin halitta halitta ce, amma bai ƙara mancewa da Mai ita ba. Ban sami abin da ya fi kama da shi a gonakinmu kamar gawo ba. Da damina, sa'ad da kowane itace ke ƙawa da ganyensa, shi sai ya zubar da nasa ya tsaya kamar busasshe, rana ta ratsa shi, geron da ke ƙarƙashinsa ya fi na ko'ina kyau. Da rani kuwa, sa'ad da komai ya bushe, sai ya fitar da ganye, dabbobi su sha inuwa su ci 'ya'yansa. Bai bar zama itace ba. Haka wanda aka dawo da shi: a wurin da mutane ke nuna kansu ba a ganinsa, a wurin bukata shi ake tararwa.

Tanbihi

Kun ji abin da ya faru a birni a 2015, sa'ad da wasu masu kiran kansu 'yan haƙiƙa suka furta magana mai muni a kan janabin Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, a wani taron maulidi. Gari ya hargitse, aka ƙone kotun Rijiyar Lemo, manyan shehunan ɗariƙa suka fito suka barranta daga gare su. Ba na yabon ƙone-ƙone, hukunci na mahukunta ne. Amma ku dubi inda hanyar take kaiwa. Wanda ya fara da cewa salla ta masu hijabi ce, zai ƙare da taɓa wanda ya zo da sallar, alhali shi ne mafi sanin Allah cikin halitta kuma ya yi tsayuwar dare har ƙafafunsa suka kumbura. Shehu Ahmadu Tijjani, wanda ya rasu a Fas a 1815, ya umurci almajiransa su auna duk abin da aka jingina masa da ma'aunin shari'a, abin da ya saɓa su bar shi. Cikin sharuɗɗan wuridi kuwa akwai kiyaye salloli biyar a jam'i gwargwadon iko. Wanda ya bar su ya yanke igiyarsa da hannunsa, ko da kullum yana ambaton sunan Shehu.

Fasali a kan yadda ake gane mai gaskiya

In mutum ya ce maka ya yi fana'i kada ka yi jayayya da shi, ka jira kaka. Hatsin da ruwan sama ya shayar, in ya kai nisabi, zakkarsa ɗaya ce cikin goma, wanda aka shayar da inji ko jigo, kamar yadda wasu ke yi a kusa da madatsun Watari da Tomas, ɗaya cikin ashirin. Ka ga ko zai fitar tun a gona, ko kuwa zai loda buhunan a kai Dawanau ya ce sai baɗi. Sa'an nan ka jira farkon damina, sa'ad da garmar shanu kan ci kunya guda ta maƙwabci. Na ga 'yan'uwa biyu, uba ɗaya, sahu ɗaya a wazifa, sun yi shekaru ba sa ga maciji saboda tsawon taku uku na kan iyaka, kowannensu kuwa yana cewa babu kowa sai Allah. Ba na hana kowa neman haƙƙinsa gaban dagaci ko alƙali, shari'a ta ba shi. Abin da nake tambaya, wane ne wannan da ke tafasa a ƙirjinsa in an taɓa kunyar, tun da ya ce ya mutu? Ka duba kuma rabon gadon 'yan'uwansa mata, ko ya miƙa musu gonarsu ko yana riƙe da ita da sunan yana noma musu.

Kai kuma da wani abu na wannan hali ya fara taɓa ka a cikin zikiri, ga abin da za ka yi. Ka riƙe lazimi safe da yamma, istigfari ɗari, salati ɗari, hailala ɗari, da wazifa cikin jama'a, da zikirin Juma'a bayan la'asar. Kada ka ƙara wa kanka adadi ko wani suna ba da izini ba. Abin da ka gani ko ka ji, ka kai wa muƙaddaminka shi kaɗai, kada ka faɗe shi a dandali ko ka ɗauke shi a waya. In muƙaddamin ya ce maka salla ta faɗi a kanka, ka tashi daga gabansa ko da shi ya ba ka wuridi, ka nemi wani wanda aka san silsilarsa aka kuma san sahunsa a masallaci. In halin ya yi ƙarfi har barci ya ƙaurace maka kwana da kwanaki, abinci ya fita ranka, ka rage zikiri, ka ci, ka kwanta, ka fita gona tare da mutane, iyalinka kuma su kai ka ga likita in abin ya ƙi, domin ba kowane juyin kai ne buɗi ba. Sauran abin da ke cikin tarbiya ba a rubuta shi a takarda, baki da baki ake karɓarsa.

Allah ne mafi sani. Ya Allah ka yi daɗin tsira ga shugabanmu Muhammadu da alayensa. Tammat.