Darasi: Yadda Ake Sa wa Waya Rariya

Kowace mace ta san aikin rariya. In an dawo daga niƙa, sai an tankaɗe kafin a ɗora tukunyar tuwo. Tsaki ya tsaya a sama, gari mai laushi ya sauka. Wayar hannu ma ana sa mata irin wannan rariya, domin abin da bai dace da idon yaro ba ya tsaya.

Ga yadda abin yake faruwa a gidajenmu. Yaro ɗan shekara bakwai ya karɓi wayar uwarsa zai kalli katun. Ita tana bakin rijiya tana wanke-wanke. Bidiyo ya ƙare, wani ya hau da kansa, ba wanda ya taɓa komai. Kafin ta ɗauraye tukunya ta uku, yaro yana kallon abin da babba ma zai kau da kai. Bai je nema ba, abin ne ya zo ya same shi. Shi ya sa ba na son a fara da bulala. A fara da gyara wayar.

Rariyar waya iri biyu ce. Akwai wadda take riƙe da sunayen wuraren banza da kalmomin batsa, duk wanda ya taso ta tare shi, sauran kuwa ta bar su su wuce. Akwai kuma wadda take rufe komai, sai abin da iyaye suka buɗe da hannunsu. Ta biyun ta fi dacewa da ƙananan yara.

Yawancin wayoyinmu Android ne, kuma rariyarsu kyauta ce. A wurin bincike na Google akwai wani makunni mai suna SafeSearch. In an kunna shi, yana ɓoye hotunan tsiraici da na zubar da jini. Don kallon bidiyo, akwai YouTube Kids, wanda aka fito da shi a 2015. Yana tambayar shekarun yaro: 4 zuwa ƙasa, 5 zuwa 8, ko 9 zuwa 12. Ana iya rufe wurin bincikensa, a kuma sa masa lokaci, in ya cika ya tsaya.

A Play Store, inda ake sauke wasanni, kowace manhaja tana da alamar shekaru: 3, 7, 12, 16 ko 18. Akwai sashen iyaye a cikin saitinsa, inda za ka zaɓi iyakar da kake so, ka kulle da lambar sirri guda huɗu. In yaro yana da tasa wayar, to manhajar Family Link ake nema. Google ya fito da ita a 2017. Tana haɗa wayarka da tasa. Ba zai sauke wasa ba sai ka yarda, kuma za ka iya sa wayarsa ta kulle kanta da dare. Masu iPhone suna da irin wannan, sunanta Screen Time.

Wata ɗalibarmu ta ce da ni, “Malam, duk rubutun nan da Turanci ne, ni kuwa yanzu nake haɗa baƙi.” Na ce mata, “Hajiya, ba komai. Ki sa babban ɗanki ko mai gyaran waya ya kai ki wurin. Amma in an zo sa lambar sirri, ki karɓi wayar ki danna da kanki.” Lamba huɗu ce kawai, kuma mun riga mun koyi lambobi. Kada a sa 1234, kada a sa shekarar haihuwar yaro. Yara sun fi mu saurin ganewa, suna kallon yatsanka ma kana dannawa.

Sai maganar shekaru. Facebook da Instagram da TikTok duk sun ce sai ɗan shekara 13 zai buɗe shafi. Asalin wannan iyaka wata doka ce da Amurka ta yi a 1998 don kare bayanan yara. Iyaye da yawa kan ƙara wa yaro shekaru don a buɗe masa shafi. Wannan kuskure ne babba. In ka rubuta cewa ɗan shekara goma ya kai ashirin, manhajar za ta ɗauke shi babba, ta nuna masa abin manya.

Amma rariyar nan tana da huda, kuma dole in faɗa muku gaskiya. Ta fi gane Turanci, maganar batsa da Hausa takan wuce ta ba ta sani ba. Ba ta ganin abin da ake turowa a WhatsApp, domin saƙonninsa a rufe suke tsakanin mai turawa da mai karɓa. Ba ta ganin bidiyon da aboki ya tura ta Xender a bayan makaranta, ko wanda aka cika a memori a shagon masu turin fina-finai. Waɗannan biyun ko data ba sa bukata.

Nan ne aikin ya dawo hannunmu. Yaro ya yi kallo a tsakar gida, inda ake wucewa, ba a cikin bargo ba. Da dare waya ta kwana a ɗakin iyaye. Ka kuma gaya masa tun da wuri: “In ka ga abin da ya ba ka kunya ko tsoro, kawo mini, ba zan dake ka ba.” In ya kawo, ka cika alkawari, don yaron da ya sha duka a karon farko, a karo na biyu ɓoyewa zai yi.

Aikin gida: kowa ya duba wayar da yaransa suka fi ɗauka, ya rubuta a littafinsa sunayen manhajoji uku da ya gani a cikinta. Gobe a zo aji da wayar, za mu kunna SafeSearch tare.