Wace Bindiga Zan Ɗauka Don Farautar Elk?

Tambaya: Ina zaune a jihar Colorado ta Amurka, na kuma samu lasisin farautar elk. Wane harsashi ya dace da harbi daga nesa?

Amsa: Malam, elk dabba ce mai jiki, namijinta kan kai kilo 300, kusan gwanki ke nan. Dokar jiharku ta hana amfani da harsashin da kaurinsa bai kai .24 ba, amma wannan mafi ƙaranci ne kawai.

Da ni ne, .300 Winchester Magnum zan ɗauka, wanda ya fito a 1963. Harsashinsa mai nauyi ne, iskar tsaunuka ba ta karkatar da shi sosai, yana kuma isa mita 400 da sauran ƙarfinsa. Illarsa naushi a kafaɗa. Wanda ya fara tsoron bindigarsa kuwa yakan runtse ido kafin ya ja kunama, sai ya raunata dabba ta tsere ta mutu a wahale. Idan ka ga haka a filin gwaji, koma kan 7mm Remington Magnum, ko tsohon .30-06 na 1906, wanda ko a shagon ƙauye za ka samu harsashinsa.

Matasa na ta yabon 6.5 Creedmoor. Yana da daɗin harbi, gaskiya, amma a ganina ya fi dacewa da barewa.

Kafin ka saya, gwada bindigar abokanka. Nisan da kake harbin faifai ɗaya kana samunsa sau goma a jere, nan ne iyakarka.